Muryar aro da muryar kai: amsa ga mai son shiga sana'ar ɗora murya

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Mutane da yawa suna ce mini Allah Ya ba ni murya, ta dace da rediyo. Ina so in mayar da ɗora murya sana'a, irin tallace-tallace da karanta littattafai da fassarar finafinai. Na fara gwadawa da wayata, amma duk abin da na naɗa idan na saurara sai in ji kamar ba ni ba ne, kamar ina kwaikwayon wani. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi in samu muryata ta ainihi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. A duk saƙonka, abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa a kanka shi ne wannan rashin gamsuwar da kake ji idan ka saurari kanka. Masu daɗin murya suna da yawa, kuma galibinsu ba za su karanta maka layi uku ka gaskata su ba. Amma wanda kunnensa ya iya kama cewa "wannan ba ni ba ne", ya riga ya mallaki kayan aikin da ya fi makirufo muhimmanci.

Abu biyu ne suka haɗu suke damunka, gara mu raba su. Na farko halitta ce. Idan kana magana, sautin yana isa kunnenka ta hanya biyu: ta iska, da kuma ta ƙasusuwan kanka, waɗanda ke ƙara masa kauri da zurfi. Na'ura kuwa abin da ya biyo iska kawai take ɗauka. Shi ya sa duk wanda ya fara jin muryarsa a naɗe yake jin ta siririya, baƙuwa. Alhali abin da na'urar ta ɗauka shi ne abin da mutane suka saba ji daga bakinka. Wannan sabo ne maganinsa. Ka riƙa naɗa kana saurare kullum, cikin 'yan makonni baƙuntar za ta gushe.

Na biyun shi ne ainihin ciwon, kuma a kansa zan fi tsayawa. Da zarar mutum ya ga makirufo a gabansa, sai ya gyara zama, ya ƙanƙame maƙogwaro, ya ɗauko wata murya da ya taɓa ji a bakin wani mai gabatar da labarai ya yafa. Kowace jimla ta tashi sama ta sauko a wuri guda, kowace kalma a ba ta nauyi iri ɗaya, ƙarshen kowane layi a ja shi kamar ana rera shi. Muryar sanarwa ke nan, muryar aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Mai sauraro ba zai iya gaya maka abin da ya ɓaci ba, amma cikin daƙiƙa biyar hankalinsa ya bar wajenka.

Wannan matsala ta girmi ni da kai. A shekarar 1931 wani ma'aikacin rediyo a Amurka mai suna Arthur Godfrey ya yi mummunan hatsarin mota, ya yi watanni kwance a asibiti ba shi da abin yi sai sauraren rediyo. Yana kwance ya lura abokan aikinsa duk suna magana kamar masu jawabi a gaban taron dubban mutane, alhali mai sauraron nasu mutum ɗaya ne a ɗakinsa, kamar shi a kan gadon nan. Da ya koma aiki sai ya sauya salo, ya riƙa magana kamar yana hira da mutum guda, kuma wannan salon ne ya sa ya zama ɗaya daga cikin mafi shaharar muryoyin ƙasar a zamaninsa.

Ni ba a littafi na koyi wannan ba, a ɗakin naɗar murya na koya. Ina farkon shiga aikin aka ba ni wata sanarwa ta kiran iyaye mata su kai 'ya'yansu rigakafi. Na karanta sau huɗu, ina ji a raina babu tuntuɓe ko ɗaya. Wata dattijuwa ce ke jagorantar aikin, tana zaune bayan gilashi. Sai na ji muryarta a cikin abin da ke kunnena: "Ɗana, wa kake yi wa magana?" Na ce, "Jama'a, Mama." Ta ce, "Jama'a ba su da kunne. Kana da 'yar'uwa mai goyo?" Na ce ina da ita. Ta ce, "To kife takardar nan. Ga ta nan a gabanka, ta ce maka yau ba za ta je ba, ta gaji. Gaya mata." Na kife takardar, na yi shiru kaɗan, sannan na fara magana. Muryata ta sauko ƙasa da kanta, na rage gudu, a wani wuri ma na ɗan tsaya inda babu waƙafi. Ban san tana naɗa ba. Da ta kunna mini biyun a jere, kalmomin kusan iri ɗaya ne, amma na farko mai shela ne, na biyu ɗan'uwa ne da abin ya dame shi.

Tun daga ranar ba na buɗe baki a kan rubutu sai na amsa wa kaina tambayoyi uku. Wa nake gaya wa, mutum ɗaya mai suna da fuska? Me nake so ya yi ko ya ji idan na gama? Kuma me ya faɗa mini yanzu-yanzu da ya sa nake ba shi wannan amsa? Ta ukun nan ita mutane suka fi tsallakewa, ita ce kuma ta fi aiki, domin a rayuwa ba wanda ke fara magana haka kawai, ruwa ba ya tsami banza. Akwai dabarar da ke taimakawa a nan: kafin layin farko, ka faɗi wata 'yar magana taka da ba ta cikin rubutun, kamar "kai, tsaya ka ji" ko "wallahi ni ma da haka na ɗauka", sannan ka zarce cikin rubutun ba tare da ka ja sabon numfashi ba. Daga baya sai ka yanke 'yar maganar wajen tacewa. Layin farko zai fito da ɗumin hira a jikinsa.

Sai zaman takarda da alƙalami, wanda masu gaggawa ba sa so. Karanta rubutun a zuci sau biyu, ka kife shi, ka faɗi abin da yake nufi da kalmominka. Idan ka kasa, ba ka fahimce shi ba tukuna, kuma abin da ba ka fahimta ba murya ba za ta iya ɓoye shi ba. Daga nan ka bi jimla-jimla ka ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da sabon abu. Yawanci ɗaya ce, ƙalilan ne ke da biyu. Idan an ce "maganin nan ana shan sa sau biyu a rana, bayan an ci abinci", uwar da ke saurare "sau biyu" da "bayan" take bukata, sauran a bar su su wuce a hankali. Wanda ya danna kowace kalma daidai yake da wanda bai danna ko ɗaya ba. Numfashi ma ka sa masa alama inda tunani ya ƙare, ko da marubucin bai sa aya a wurin ba, domin alamomin rubutu don ido aka yi su.

Mu masu aiki da Hausa muna da ƙarin nauyi, saboda rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Dubi wannan: "An ce ya zo." Idan ka ja "ya" ɗin da tsawo, labari kake bayarwa cewa mutumin ya riga ya iso. Idan ka gajarta shi ka sauke shi ƙasa, umarni ne, ana kiransa. Haruffa iri ɗaya, ma'ana biyu, kuma makirufo ba zai zaɓa maka ba. Haka "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala. Wanda ke karantawa kai-tsaye ba tare da ya fara bin rubutun ba, sai ya kai tsakiyar jimla sannan ya gane ya ɗauki hanyar da ba ita ba, kuma ana jin wannan rawar a muryarsa. Ka kiyaye ɓ da ɗ da ƙ da 'y ko da mai bugawa ya zubar da ƙugiyoyinsu. Ka tambayi mai aikin karin harshen da yake so, daidaitacciyar Hausa ko ta wani yanki, ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Sunayen mutane da na wurare da na magunguna kuwa, kada ka yi hasashe, ka nemi a furta maka su a saƙon murya. Sau da yawa kuma za a miƙo maka rubutun da aka fassaro kalma da kalma daga wani harshe, jimlar da babu Bahaushen da zai faɗe ta. Kada ka gyara da kanka ka yi shiru. Ka naɗa yadda aka rubuta, ka naɗa wata yadda kake ganin ya fi, ka aika duka biyun da gajeren bayani. Masu aiki ba sa manta wanda ya cece su daga kunya.

Kada ka ɗauka ina hana ka koyi da manya. Kowa da kwaikwayo ya fara magana tun yana jariri. Abin da nake so shi ne ka saurare su da kunnen ɗalibi: ina ya tsaya, me ya sa ya rage murya a nan, wace kalma ya bari ta wuce. Ka ɗauki dalilin, ka bar masa sautinsa. Don LaFontaine, wanda ya rasu a 2008, ya ɗora murya a kan tallan finafinai sama da 5,000, dubban mutane kuma suka yi ta ƙoƙarin fitar da irin kaurin muryarsa, amma mai neman irin wannan murya shi yake nema, ba inuwarsa ba. Kuma kada ka raina abin da kake gani aibi ne a muryarka. James Earl Jones, ɗaya daga cikin muryoyin da duniya ta fi sani, yana yaro in'ina ta yi masa tsanani har ya yi shekaru da ƙyar yake magana, sai a sakandare wani malaminsa ya sa shi ya karanta a gaban aji waƙar da shi kansa ya rubuta, ya ji kalmomin suna fita sumul. Abin da ya buɗe masa baki maganar da ta fito daga cikinsa ce. 'Yar dishewa, ko sanyin murya, ko wani ɗan kaushi, sau da yawa su ne ke sa a gane ka a cikin mutum ɗari.

Muryar ainihi kuma ba tana nufin murya guda ba. Yadda kake yi wa mahaifiyarka magana daban, yadda kake rarrashin yaro daban, yadda kake musu da abokinka daban, kuma duk kai ne. Wannan faɗin shi ne jarinka. Shi ya sa nake ba kowane mai farawa shawarar ya koyi wasan kwaikwayo ko da na 'yan watanni ne, musamman mai sha'awar katun da fassarar finafinai, inda za ka shiga rigar wani, ka yi fushinsa da kukansa, kuma ka daidaita maganarka da motsin leɓɓansa.

Jiki ma yana shiga cikin sauti. Murmushi ana jin sa, ɗaure fuska ana jin sa. In da hali ka naɗa a tsaye, ka saki kafaɗu, ka bar hannuwanka su yi motsin da suka saba idan kana hira. Numfashi ya fito daga ciki, cikinka ya kumbura idan ka shaƙa, kafaɗu su zauna inda suke. Tantanin maƙwallato, wato 'yan naman nan biyu da ke samar da murya, suna kaɗawa wajen sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda ga namiji, wajen sau 200 ga mace, ka ga abin da ke irin wannan aiki yana bukatar kulawa. Sha ruwa tun sa'o'i kafin aiki, ɗumama murya da guɗa a hankali da karkaɗa leɓɓa na minti biyar zuwa goma, ka guji yawan gyaran murya da ƙarfi da shan taba. Idan murya ta dishe, hutu take so. Raɗa ba hutu ba ce, tana iya ƙara gajiyar da maƙogwaro. Dishewar da ta wuce mako uku kuwa, je ka ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Batun kayan aiki ba zan daɗe a kai ba, domin a nan ne masu farawa suka fi ɓarnatar da abin hannunsu. Ɗaki ya fi makirufo. Tsaya a tsakiyar ɗakinka ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji sautin ya dawo maka, makirufo mai kyau zai ƙara tona wannan dawowar ne kawai. Barguna masu kauri, katifa a jingine, labule, ko ma shiga cikin kabad mai cike da tufafi, duk suna shanye amon. Kashe fanka da firji da na'urar sanyaya ɗaki, ka nemi lokacin da gari ya yi tsit. Tazarar bakinka da makirufo ta zama kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, ka ɗan karkata gefe kaɗan, ka sa ragar tare iska a tsakani don kada "b" da "f" da "t" su riƙa bugun sa. Manhajar Audacity, ta naɗar sauti da tace shi a kwamfuta, kyauta ce kuma ta isa koyo. Ajiye aikinka a tsarin fayil ɗin sauti na WAV, ka saita manhajar a kan 44.1 kHz idan sauti ne zalla, 48 kHz idan na bidiyo ne. Idan kana son ma'aunin da za ka gwada kanka da shi, dandalin ACX na kamfanin Audible, mai harkar littattafan sauraro, yana bukatar matsakaicin ƙarfin sauti tsakanin -23 da -18 dB (ma'aunin ƙarfin sauti), ƙololuwa kada ta haura -3, ƙarar ɗaki kuma ta kasance ƙasa da -60. Dandalin ba kowace ƙasa yake karɓa ba, amma duk ɗakin da ya cika wannan sharaɗi ya isa aikin ƙwararru. Ka ci gaba da atisaye da wayarka har kunnenka ya fara jin gazawarta, a lokacin za ka san abin da ya kamata ka saya.

Kada ka yi gaggawar haɗa samfurin muryarka, wanda ake kira demo. Wanda ya ji ka ba ka nuna ba, da wuya ya sake buɗe saƙonka. Idan lokaci ya yi, ka yi shi gajere, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gutsattsari biyar ko shida, mafi kyawun a farko, domin masu zaɓe sukan yanke hukunci a daƙiƙun farko. Kowane fanni da nasa: na talla daban, na bayar da labari daban, na katun daban.

Fannonin kuma suna da yawa fiye da tallan da kowa ke hange. Akwai darussan koyarwa ta intanet, bidiyon wayar da kai na ƙungiyoyin lafiya da noma, shirye-shiryen tarihi da bincike, muryar da ke amsa waya tana cewa "danna ɗaya", wasannin kwamfuta, da littattafan sauraro. Na ƙarshen nan aikin juriya ne: awa ɗaya da mai sauraro zai ji takan ci wa mai farawa awa biyar zuwa shida tsakanin shiri da naɗa da tacewa. Akwai dandalolin neman aiki na intanet irin su Voices.com da Voice123 da Fiverr da Upwork, ka gwada su, amma cunkoso ya yi yawa a can. A ganina aikin da ke ɗorewa yana zuwa ne daga mutanen da ka nema da kanka: kamfanonin talla, masu shirya bidiyo, kamfanonin fassara, gidajen rediyo. Gajeren saƙo, demo a maƙale, ba roƙo ba cika baki. Za ka aika gwaji da yawa ka ji shiru, kuma shirun ba hukunci ba ne a kan muryarka, wataƙila mace suke nema ko dattijo. Abin da ke dawo da mai aiki karo na biyu shi ne ka kawo a kan lokaci, sauti tsaf, kuma idan an ce "sake, ka ɗan sassauta" ka sake ba tare da ɓacin rai ba. Idan kana da wata sana'a, riƙe ta tukuna, sannu ba ta hana zuwa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido sosai. Idan ka naɗa talla na daƙiƙa 30, abin da ake biya ya ƙunshi abu biyu: wahalar naɗawa, da izinin amfani da muryar. Don haka kafin ka faɗi kuɗinka ka tambaya: a ina za a sa shi, rediyo ko talabijin ko intanet? A ƙasa ɗaya ko ƙasashe? Na wata nawa? Sau nawa za a iya dawo da kai gyara ba tare da ƙarin biya ba? A rubuta amsoshin, ko da a saƙon imel ne. Susan Bennett, wata mai ɗora murya a Amurka, ta ba da labarin yadda ta shafe watan Yulin 2005 tana karanta wa wani kamfani jimloli marasa kan gado awa huɗu a rana, sai a 2011 wani abokin aikinta ya sanar da ita cewa kamar muryarta ce ke magana a Siri, manhajar da ke amsa wa mutum da murya a wayoyin iPhone. Bev Standing 'yar Kanada ta kai TikTok kotu a 2021 bisa zargin amfani da muryarta ba da izininta ba, daga baya suka sasanta. A 2023 ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka, SAG-AFTRA, ta yi yajin aiki na kwana 118, kuma ƙirƙirarriyar basira na cikin manyan abubuwan da aka yi jayayya a kansu. A yau ana iya kwafe muryar mutum daga ɗan gajeren naɗi. Duk takardar da ta ce "har abada", ko "ta kowace hanya da ake da ita ko za a ƙirƙiro", ko ta ambaci horar da na'ura, kada ka sa hannu sai an fayyace maka abin da ake nufi, an kuma biya ka daidai da shi in ka yarda. Na'ura ta riga ta iya karatu sumul marar tuntuɓe, irin wanda na yi sau huɗu a gaban dattijuwar nan. Karatu na biyar ɗin shi ne har yanzu ake neman mutum dominsa.

Akwai kuma abin da ba ya shiga kwangila. Idan ka ƙware, mutane za su gaskata abin da ka faɗa saboda yadda ka faɗe shi, kuma wannan amana ce. Za a kawo maka tallan maganin da aka ce yana warkar da kowace cuta, ko harkar zuba jari da aka ce tana ninka kuɗi cikin mako guda. Akwai wadda za ta daina kai ɗanta asibiti saboda muryarka ta kwantar mata da hankali. Na mayar da irin waɗannan ayyuka a lokacin da nake matuƙar bukatarsu, kuma ina roƙonka kai ma ka mayar.

A wannan makon ga abin da za ka yi. Zaɓi sakin layi ɗaya, kada ya wuce jimla shida. Ka naɗa shi yadda ka saba. Sannan ka kife takardar, ka kira wani na kusa da kai ya zauna a gabanka, ka gaya masa abin da ke ciki wayar tana naɗa. Daga nan ka sake ɗaukar takardar ka karanta, idonka yana komawa kansa a ƙarshen kowace jimla. Kada ka saurara a ranar. Washegari ka kunna ukun a jere, ka rubuta wuraren da na uku ya kusanci na biyu da wuraren da ya koma na farko, ka turo mini su tare da naɗin, sai mu duba su layi-layi.